Dalilin Da Ya Sa Zabuwa Ba Ta Ƙwai Sai Da Damina

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ya sani, da zarar ruwa ya sauka, in mota ta tsaya a Kazaure sai yara su yanyame ta da farantan dafaffen ƙwan zabi. Haka a kasuwannin Babura da Roni da Gwiwa, ga ƙwai nan tuli a ƙwarya da kwando, 'yan sari suna ƙirgawa suna lodi zuwa birni. Amma daga an yanke gero sai ƙwan ya yi ta ja da baya, kafin ɗari ya kankama ya ɓace ɗungum. Zabin dai su ne, ba su mutu ba, ba su yi ciwo ba, suna nan suna kwakwazo a bayan gari, amma a yi wata shida ko bakwai ba wanda ya tsinci ko guda a gurbinsu.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai kiwo. Ƙwan kowa ya kan zo lokaci ɗaya, ya yi arha, sa'an nan lokacin da zai yi daraja ba mai shi. In an tambayi dalili, wani ya ce zabuwa sai ta sha ruwan sama, wani ya ce sai ta ji tsawa, wani kuma ya ce sai ta ci ɗanyar ciyawa. Na ƙarshen nan ya fi kusa da gaskiya. Amma ainihin mai ba da umurni yana cikin kan zabuwar, kuma wanda ya san yadda a ke shawo kansa ya fi wanda bai sani ba samun ƙwai.

Sarauta a cikin jikin tsuntsu

Wanda ya taɓa feɗe zabuwa cikin Agusta ya ga wani curi manne da bayanta ta wajen hagu, gwaiduwa ce jere, manya da ƙanana, kamar 'ya'yan kanya. Wannan ita ce uwar ƙwai. Daga nan kuma ga wani farin bututu mai kauri ya nannaɗe ya nufi ƙasa, shi ne hanyar da ƙwai ke bi ya sami farin ruwansa da ɓawonsa. To, a feɗe wata zabuwar cikin Janairu. Sai a ga curin nan ya koma 'yan ƙwayoyi kamar na gero, bututun kuwa ya motse ya zama kamar zare. Namiji ma haka ne, marainansa da ke ciki kusa da ƙoda su kan cika da damina su ƙanƙance da rani. A wasu ƙananan tsuntsayen daji bambancin ya kan kai ninki ɗari ko fiye. Watau tsuntsu ba ya ɗaukar kayan haihuwa yana yawo da su shekara duka. Ya kan naɗe su ya ajiye, kamar yadda manomi ke rataye garma bayan kaka, don abu mai tashi sama ba ya son nauyin banza.

Wa ke cewa a naɗe, wa ke cewa a warware? Jiki yana da hanya biyu ta aika saƙo. Ɗaya jijiya ce, mai sauri kamar waya. Ɗaya kuwa jini ne. Wata gaɓa ta kan zuba ɗan wani sinadari cikin jini, jinin ya kai shi wata gaɓa mai nisa, ita kuma ta yi abin da aka ce. Irin wannan ɗan aike shi likitoci ke kira homon.

Sha'anin ya yi kama da na mulkin ƙasa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da a ke kira haifotalamus, shi ne sarki. A ƙarƙashinsa wani ƙullutu ke rataye wanda bai fi ƙwayar dawa ba, sunansa fituwitari, shi ne hakimi. Uwar ƙwai da maraina su ne dagatai. In sarki ya ga lokaci ya yi sai ya aika wa hakimi da homon da a ke kira GnRH. Hakimi ya tashi 'yan aikensa biyu, LH da FSH, su bi jini su je wa dagatai. Sai uwar ƙwai ta farka ta soma fitar da nata homon, watau isturojin, shi kuwa aikinsa da yawa. Shi ke sa hanta ta dinga haɗa kayan gwaiduwa tana turawa cikin jini, shi ke kumbura bututun ƙwai, shi ke sa jiki ya tara abin yin ɓawo a cikin ƙashi, kuma shi ke buɗa ƙasusuwan nan biyu na gindi don ƙwai ya sami wucewa. Shi ya sa mai saye a kasuwa ya kan sa yatsu tsakaninsu. In biyu ko uku suka shige, kazar tana ƙwai, in ɗaya da ƙyar, ba ta yi. Namiji kuma homon nasa testostaron ne, shi ke kawo maniyyi da faɗa da guje-gujen nan da mazan zabi ke yi gab da damina.

Takardar sarkin nan ba ta samu da sauƙi ba. Sai da masu bincike a Amurka suka tace ƙwaƙwalwar dubban aladu da tumaki kafin Andrew Schally da mutanensa su gane sifarta a 1971. A 1977 aka ba shi kyautar Nobel tare da Roger Guillemin, wanda suka daɗe suna tsere da shi a kan wannan aiki. An jima ana zaton sarkin nan kalma ɗaya ya iya, watau "a yi". Sai a shekarar 2000 wani malami a Hiroshima ta ƙasar Japan, Kazuyoshi Tsutsui, ya gano wani homon na biyu a ƙwaƙwalwar salwa wanda aikinsa hani ne, aka sa masa suna GnIH. Wannan shi ne linzami. Dogon dare ya kan ƙara masa ƙarfi, haka kuma firgita da wahala. Saboda haka garken da kare ke kora kullum, ko yara ke jifa, ba zai ba da ƙwai kamar wanda ke zaune lafiya ba.

Yadda sarki ke sanin wata

Sauran tambaya ita ce, sarkin da ke kulle cikin ƙoƙon kai, yaya ya ke sanin ko wane lokaci a ke ciki a waje?

A da an ɗauka ɗumi ne ke tashin tsuntsayen ƙasashen sanyi. Wani malami mai suna William Rowan a Edmanton ta ƙasar Kanada ya gwada. Ya kama wasu 'yan tsuntsaye masu kama da gwara ya sa su a keji a fili cikin tsananin sanyin da ruwa ke daskarewa, ya dinga kunna musu fitilar lantarki bayan faɗuwar rana, kullum yana ƙara 'yan mintoci. Ba a daɗe ba mazan suka soma waƙa irin ta lokacin barbara, da aka duba kuwa marainansu sun cika, alhali ga ƙanƙara ko'ina. Ya ba da labarin wannan gwaji a 1925. Daga nan aka tabbata tsawon yini shi ne kalandar tsuntsu.

Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Wajen 1935 wani Bafaranshe, Jacques Benoit, ya yanke jijiyar idon agwagi maza, suka makance, amma da aka tsawaita musu haske sai marainansu suka girma kamar na masu gani. A 1970 Michael Menaker a Tekzas ta Amurka ya ɗura baƙin tawada ƙarƙashin fatar kan gwara, idanunsu lafiya lau, amma hasken da ya tashi 'yan'uwansu bai tashe su ba. Watau tsuntsu ba da ido ya ke karanta kalandarsa ba. Haske ya kan ratsa gashi da fata da ƙoƙon kai ya isa ƙwaƙwalwa, inda akwai wasu ƙwayoyi masu jin haske. Mai shakka ya kara tocila a tafin hannunsa da dare, zai ga ja ya ɓullo ta baya. Ƙoƙon kan tsuntsu bai kai kaurin hannu ba, kuma jan haske shi ya fi ratsawa.

Ragowar igiyar Takashi Yoshimura da abokan aikinsa a Nagoya, can Japan, suka ɗaure ta a 2003 da 2008, su ma da salwa. Sun ga ranar farko da aka tsawaita yini, kamar awa 14 bayan fitowar haske, wasu ƙwayoyi a wuyan fituwitari su kan saki wani homon. Shi kuma ya sa ƙwaƙwalwa ta ɗauki homon ɗin ƙullutun nan na wuya, wanda in ya kumbura ga mutum a ke ce masa maƙoƙo, ta mai da shi mai ƙarfi. Wannan mai ƙarfin shi ke buɗe wa takardar sarki ƙofa. Tsuntsu ba ya zama yana ƙirga awoyi kamar akawu. Yana da agogo a jikinsa, agogon yana da wata 'yar taga can wajen ƙarshen yini. In haske ya tarar da tagar a buɗe, yini ya yi tsawo ke nan. In duhu ya riga shi, da saura.

Amma Kazaure ba Kanada ba ce

Mai hankali zai ce wannan duk labarin ƙasashen da yininsu ke miƙewa ƙwarai ne. Gaskiya ne. A Landan yini ya kan wuce awa 16 da rabi cikin Yuni, ya faɗo ƙasa da awa 8 cikin Disamba. A Kazaure da Babura kuwa mafi tsawo kamar awa 12 da minti 50 ne, mafi gajarta awa 11 da minti 20 da ɗoriya. Bambancin duka awa ɗaya da rabi. Ladan ya san shi, wanda ya yi azumi cikin Yuni ma ya san shi, amma tsuntsu fa?

Masana sun daɗe suna cewa tsuntsun ƙasar zafi ba ya kula da ɗan wannan bambanci. Sai a 1998 Michaela Hau da abokanta suka gwada wani tsuntsun kurmi a Fanama, ƙasar da yininta ke tafiya daidai da na Abuja. Suka ƙara masa minti 17 kacal, sai ga shi ya soma waƙa. Haka kuma wani Bajamushe, Eberhard Gwinner, ya ajiye wasu tsuntsayen Kenya a ɗaki shekara da shekaru, haske bai sāke ba, abinci bai sāke ba, amma duk da haka suka dinga cika suna motsewa, suna zubar da gashi, kusan sau ɗaya a shekara. Watau ban da agogon yini akwai na shekara a cikin jiki, haske yana daidaita shi ne kawai kamar yadda a ke saita agogon hannu da na rediyo.

Sai dai a ƙasa irin wannan haske kaɗai ba ya isa, don yini ba ya saɓa alkawari amma ruwa yana saɓawa. Wata shekara shuka ta kama a farkon Yuni, wata shekara sai Yuli. Tsuntsun da ya bi kalanda ido rufe ya ƙyanƙyashe 'ya'ya cikin fari, zuriyarsa ta ƙare. Don haka sarkin nan yana da wasu 'yan rahoto. Na farko ciki. Na biyu ido, don tsuntsun nan na Fanama da aka nuna masa gyare masu rai, ko bai sami ci ba, sai ya ƙara waƙa.

Jan-baki, maƙiyin masu gero da shinkafa, shi ya fi nuna wannan a fili. A 1957 wasu Turawa biyu, Marshall da Disney, sun ba da labarin cewa jan-bakin da ke keji in aka ba shi ɗanyar ciyawa sai ya kama saƙar sheƙa. Peter Ward kuma, wanda ya bi tsuntsun nan a ƙasar Barno wajen tafkin Cadi ya buga abin da ya gani a 1965, ya nuna farkon ruwa ba lokacin daɗi ba ne gare shi, don ƙwayar ciyawar da ya ke tsinta duk ta tsiro. Sai ya jira sabuwar ciyawa ta yi 'ya'ya, ƙwari sun yawaita, tsokar ƙirjinsa ta cika, sa'an nan dubbai su faɗa wa ƙaya guda su yi sheƙa tare, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana goma. Shamuwa ta kan iso gab da ruwa ta yi sheƙa kan itatuwan cikin gari don 'ya'yanta su tashi cikin fara da kwaɗi. Ungulu kuwa nata lissafin dabam, da rani ta ke yin ƙwanta guda ɗaya. Kowane tsuntsu dai so ya ke ɗansa ya buɗe baki ranar da abincinsa ya fi yawa, injin ciki ɗaya ne, saitin ne ya bambanta.

To, a dawo kan zabuwa. Ita 'yar daji ce da aka jawo gida, har yanzu kuwa ba ta yar da halin daji ba. Tun wajen tsakiyar Maris yini ya kan haye awa 12 a ƙasar Kazaure yana ƙaruwa, watau ƙofar farko ta soma buɗewa. Amma lokacin ne bazara ta fi tsanani, ƙasa ƙaf, ba ƙwaro, ba kore, ruwan sha ma sai an yi tafiya, rumbu kuma ya yi ƙasa. Ɗan hatsin da a ke watsa mata ya isa ta rayu, bai isa ta yi ƙwai ba. Gero da dawa abin gina jiki da ke cikinsu bai fi kashi 10 ko 11 cikin 100 ba, mai ƙwai kuwa tana bukatar 16 zuwa 18. Sai ruwa ya faɗi, shinge ya tashi, fara da tsutsa su fito, ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye gurbi, sa'an nan sarki ya saki linzami. Ashe ba ruwan saman ta ke jira don ta sha ba, abin da ya ke kawowa ta ke jira.

Akwai ɗan rahoto na uku, shi ne abokin zama. Masu tattabaru sun san mace ita kaɗai ba ta cika yin ƙwai ba. A 1939 wani Bature a Ingila, Harrison Matthews, ya ajiye wa tattabara madubi, ta ga kanta ta zaci wata ce, ta yi ƙwai. Daga baya Daniel Lehrman a Amurka ya nuna kurciya in tana hangen namiji yana mata rausaya ta bayan gilashi, uwar ƙwanta ta kan girma ko bai taɓa ta ba. Zabi ma a daji bibbiyu su ke warewa in lokaci ya yi.

Abin da ke rufe ƙofa

Kowa ya san kaza mai kwanci. Ta daina ƙwai, ta kumbura gashi, ta yi ta ƙunƙuni, ta ƙi barin gurbi. Wannan aikin wani homon ne na fituwitari mai suna furolaktin, wanda Oscar Riddle ya ware a Amurka wajen 1933. Shi ne kuma ke sa tattabara ta yi farin nonon nan a maƙoshi da ta ke ɗura wa 'ya'yanta. Dalili ke nan tattabarar gida ba ta jiran damina, abincin jaririnta daga jikinta ya ke fitowa, in dai mai ita yana zuba hatsi.

Abin da ke ta da furolaktin shi ne taɓa ƙwai da ƙirji. Gwargwadon yawan ƙwan da ke gurbi da daɗewar zama a kansu, gwargwadon hauhawarsa, in ya hau kuwa sai ya danne takardar sarki, uwar ƙwai ta koma barci. Nan ne asirin abin da tsofaffi suka daɗe suna yi ba tare da sanin sunansa ba. Zabuwar da aka bar wa ƙwanta ta kan tara kamar dozin ko fiye kaɗan ta kwanta. Wadda a ke kwashe wa kullum a bar mata biyu ko uku ta kan yi 50, mai kyau har ta kusa 100 kafin kaka. Kazar gida ma abin da ke rage mata ƙwai ke nan. Ta yi goma ko sha biyu, ta kwanta mako uku, ta yi wata biyu tana jan tsaki, shekara ta ƙare ba ta fi 40 ko 50 ba. Kajin gidan gona da ke kusantar 300 an zaɓe su ne tsara bayan tsara har halin kwanci ya fita daga jininsu.

Ko ba kwanci ma, ƙofa ta kan rufe da kanta. Bayan 'yan watanni na dogon yini ƙwaƙwalwa ta kan daina jin kiran haske, tsuntsu ya zubar da tsohon gashi ya yi sabo, aikin da ke cin abin gina jiki kamar yadda ƙwai ke ci. Ba ya sāke jin kira sosai sai ya ratsa kwanakin gajeren yini. Wanda ya ce zai kunna wa zabi fitila wata goma sha biyu don ya sami ƙwai wata goma sha biyu ya jahilci wannan. A Faransa, inda suka fi kowa a Turai kiwon zabi, a kan reni 'yan mata cikin gajeren haske, a tsawaita shi in sun isa, a wadata su da abinci, kowace ta yi ƙwai fiye da 150 cikin wata takwas ko tara, sa'an nan a sāke garke. Zabuwar tasu kuwa asalinta daga Afirka ta Yamma ne.

Inda manomi ke da hannu

Babbar dama tana tsakanin Maris da saukar ruwa, lokacin da haske ya ce a yi, ciki ya ce a dakata. Wanda ya cika cikin ya gajarta jiran. Ba zato ba ne kawai, don a Nyankpala kusa da Tamale, arewacin Gana, inda rani ke da tsawo kamar na nan, ma'aikatan binciken dabbobi sun ba da rahoto a 2011 cewa zabin da aka wadata da abinci mai kyau da ruwa sun yi ƙwai cikin rani.

Haɗin ba wuya. Mudu 6 na ɓarzajjen gero ko dawa ko masara, mudu 2 na dusa, mudu 2 na dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, ko waken suya da aka soya, don ɗanyensa yana cutarwa. A ƙara cikin hannu biyu ko uku na garin ƙonannen ƙashi, a kuma ajiye musu wani a kasko dabam saboda ɓawo. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna a zubar da shi. Gara ma ba ta da kuɗi. A cika tsohuwar tukunya da kara da busasshiyar kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin suri da yamma, da safe a juye musu. Ganyen zogale da ragowar ganyen lambu, ga waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Kazaure ko wata fadama, su ne za su tsaya a madadin ɗanyar ciyawa. Ruwan sha kuwa ya kasance a inuwa, kada ya yanke ko na yini ɗaya. Wanda ba zai iya ciyar da garke duka ba gara ya ware 'yan mata goma da mazansu ya ciyar da su sosai, da ya watsa wa hamsin abin da ba zai ƙosar da kowa ba.

Fitila ta biyo baya, kuma ba ta kowa ba ce. Zabin da ke kwana kan marke ko tsamiya ba mai iya haska su, sai waɗanda aka saba wa kwana a ɗaki tun suna ƙanana. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai 'yan tsuntsaye a bayan gida shi wannan ya fi dacewa da shi, tun da yanzu fitila mai cajin rana ta samu. A ƙara rabin awa kowane mako har haske duka, na rana da na fitila, ya kai awa 14 ko 15. An fi so a kunna kafin asuba, don in da dare ne aka kashe farat ɗaya sai su ruɗe. Ba a bukatar mai ƙarfi, in mutum zai iya karanta jarida a tsaye inda tsuntsun ya ke, ya isa. Mai ɗan ja-ja ta fi farar nan mai shuɗi-shuɗi. Sharaɗi ɗaya ne mai tsanani, in an soma kada a fasa. Yau a kunna gobe a manta, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka kaka ta yi, tsuntsu ya daina ƙwai ya kama zubar da gashi. Fitila kuma ba abinci, wahalar da dabba ce kawai.

Sa'an nan a tuna da namiji. Mutane da yawa su kan sayar da mazan da rani don sun fi cika ido a kasuwa, su wayi gari da mata ashirin namiji ɗaya. Ƙwai zai zo, don mace ba ta bukatar namiji kafin ta yi ƙwai, amma na ci ne, in an sa wa kaza sai baragurbi. Kada mata su wuce huɗu ko biyar ga namiji guda, kuma shi ma a ciyar da shi, don nasa sarkin yana barci kamar nata, ƙwan farkon lokaci kuwa shi ya fi yawan fitowa fanko. Mai rarrabewa ya saurari kuka, mace ce ke yin kira mai gaɓa biyu tana maimaitawa, namiji gaɓa ɗaya gare shi. In ƙwai ya kwana goma ƙarƙashin kaza a haska shi da tocila cikin duhu. Mai ɗa za a ga jijiyoyi ja sun bazu, wanda ya ke garau a cire shi.

Game da allura ko garin da wani zai kawo kasuwa ya ce homon ne mai sa ƙwai, manomi ya riƙe kuɗinsa. Ko da a ce na gaske ne, daidai ya ke da a aika wa dagaci takardar haraji alhali garinsa ba hatsi. Abin da ya cancanci kuɗi wajen malamin dabbobi shi ne rigakafin annobar kaji da ke zuwa da hunturu, da maganin tsutsar ciki, don tsuntsu marar lafiya linzaminsa a ja ya ke.

Ribar samun ƙwai da wuri ba a farashi kaɗai ta tsaya ba. Ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 ya ke yi, na kaza 21, saboda haka mai haɗa su a gurbi ɗaya ya sa na zabin mako guda kafin na kazar. Wanda aka sa a tsakiyar Mayu zai fashe a tsakiyar Yuni, daidai lokacin shinge da ƙananan fara, 'ya'yan su yi gashi kafin marka. Wanda aka sa cikin Yuli kuwa zai fito tsakiyar ruwan Agusta, ga sanyi ga jiƙaƙƙiyar ciyawa, abin da ya fi kome kashe 'yan zabi. Irin waɗannan sai a tsare su tare da kazar a akurki mai bushewa har mako shida, kada a sake su da safe sai raɓa ta kaɗe. Na Yuni za su riski bazara mai zuwa da ƙarfinsu, su ne kuma za su fara ƙwai. Na Satumba a lokacin ba su gama girma ba, sai damina ta yi nisa su ke somawa.

Mai iya rubutu, da boko ko da ajami, ya sami ɗan littafi ya rubuta ranar da ya soma ƙarin abinci, da ranar ruwan farko, da ranar da ya tsinci ƙwan farko, da ranar na ƙarshe. In shekara ta zagayo ya gwada da na maƙwabcinsa wanda ya bar nasa zabin suna jiran ruwa.